Matsa Kaɗan, Kawu

Hoton mahaifina guda ɗaya gare ni a duniya, shi ma kafaɗa ce da hannu. Hannun yana riƙe da sanda, kafaɗar tana cikin wata shuɗiyar riga da rana ta cinye, sai ɗan bakin rawani da ya leƙo daga sama. Sauran Baba yana wajen takarda. Wanda ya yi mini wannan aika-aika ɗan gwaggota ne, taubashina, kuma na faɗa tun yanzu, ban yafe masa ba.

Shi taubashin nawa yana aiki da wani furoje, irin ayyukan nan na raya ƙasa, a Yamai. Shekarar da abin ya faru ya zo Dakoro sunan ɗiyarsa, da farar mota cike da abokan aikinsa, da wata kyamara rataye a wuya mai ido tsawon taɓaryar yara. Baba kuwa yana can wajen Tagriss da shanu. Kwana biyu ya yi yana tafiya a ƙasa, yana janye da ragon da aka yanka a sunan, don ɗan ƙanwarsa ne ya haihu. Ya iso da hantsi, ƙura har gira, bai samu ko canza riga ba aka ce a taru a yi hoto.

Ina bakin madafa, hannuna duk ƙullu, ina kallo. Taubashi ya jera baƙinsa kan kujeru a tsakiya, ya sa ido a kyamara, ya ɗaga hannu.

"Kawu, matsa kaɗan."

Baba ya matsa.

"Ƙara dai, Kawu, kana tare ma direkta haske."

Baba ya yi dariya ya ƙara matsawa. Mutum ne da bai iya musu da yaro ba. Sau uku ana ce masa ya matsa, sau uku yana matsawa, ni kuma na yi shiru na koma kan tukunya. Wannan shirun har yau yana cina.

Da daminar nan Allah ya yi wa Baba rasuwa. Muka duba katinsa na ɗan ƙasa, gumi da ruwan sama sun wanke fuskar, ta zama kamar tabon mai a takarda. Bayan sadakar arba'in na kira taubashi na roƙe shi hoton suna. Sai da ya ja ni wata uku kafin ya turo. Na buɗe, na ga direkta da tumbinsa a tsakiya, na ga direban mota ma har da takalmansa, na ga kafaɗar Baba. Na sake kiransa.

"Objektif ɗin ne, idon kyamarar, bai kama shi ba, ƙanwata," in ji shi. "Kin san Kawu da son gehe."

Har da 'yar dariya. Ban yi kuka a salular ba, sai da na ajiye. A ranar na ce a raina, kowa ya ci tuwo da ni miya ya sha.

Ni malamar lakwal ce, makarantar boko ke nan, albashina sananne ne, bai kai ya sayi irin kyamararsa ba ko da na daina cin abinci. Amma ina da rago da na turke tun yana ɗan ƙarami, ina ba shi dusa da harawa kamar ɗan sarki. Gab da Layya na kai shi kasuwa na sayar. Maigidana ya ce mene ne abin wahala, ba ga salula ba? Na ce masa salulata in ta ɗauki mutum goma sai su fito kamar an shafa musu koko a fuska. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. So nake ranar da taubashi ya sake shigowa gidanmu ya tarar da kyamara rataye a wuyana.

Na shiga motar Maradi da kuɗin rago ƙulle a haɓar zane. An kwatanta mini wani dattijo kusa da babbar kasuwa, tsohon mai ɗaukar hoto ne da ya koma sayar da na hannu, waɗanda ake ce wa okaziyo. Shagonsa bai fi ɗakin kaji biyu ba. Ina shiga na nuna wata baƙa ƙatuwa irin ta taubashi. Ya faɗi kuɗinta, na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Madam, mi za ki ɗauka? Tsuntsaye ko 'yan ƙwallo?"

"Mutanen gida," na ce. "Dukkansu. Kada ko mutum guda ya hita."

"To wagga ba taki ba ce. Aje ta."

Ya jawo wata 'yar madaidaiciya, fentin gefenta ya ɗan goge, ya ce jikin kyamara ba shi ne abin dubawa ba, duk wadda ke kunnuwa kuma maɓallinta bai gaji ba za ta yi aikin gida. Abin dubawa shi ne idon da ake ɗaura mata, shi ne objektif ɗin. Ya jera mini uku kan tebur. Na farko dogo ne, yana janyo abin da ke nesa, amma a tsakar gida sai ka fita titi kafin ka kama mutum biyar. Ina jin haka na gane irin wanda taubashi ya zo da shi ke nan, don a gan shi da babban abu. Na biyu gajere ne, yana fito da fuskar mutum ɗaya tas, bayansa ya yi laushi, an ce amare na sonsa. Na uku mai faɗi ne, yana haɗiye ɗaki gaba ɗaya. Kuɗina na jiki ne da ido ɗaya tak, in har ina son batir na biyu, kuma dattijon ya rantse cewa da yadda wuta ke ɗaukewa a Dakoro, kyamara mai batir ɗaya ado ce kawai.

Na ce a ba ni mai faɗin. Ya ɗaura, ya miƙo mini, na leƙa. Ga shagon duka, ga ƙofa, ga mai shayi a waje.

"Amma yana da hali guda," in ji shi. "Tsaya ki gani."

Ya je ya tsaya can ƙarshen abin da idon ke kamawa, ya ce in danna. Na danna, na duba. Dattijo mai kamala, sai ga kansa ya miƙe ya karkace kamar zungurun lalle, kunne ɗaya ya yi faɗin faifai.

"Kin gani? Na tsakiya shina hita daidai, na gehe shi ka shan wuya. Duk wanda kike ƙauna, kak ki sa shi gehe."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Ya tambaye ni lafiya, na ce lafiya lau, a ƙulle mini shi. Ya ƙara mini da wata tsohuwar jaka da gargaɗin kada in kuskura in cire idon a cikin iska, yashi zai shiga ya zauna. Ko ragi ban nema ba.

Wata da watanni ina koyo. Na yanke ƙafafun mutane, na ɗauki yara rana na bayansu suka fito baƙi ƙirin, na cika katin kyamara da hoton akuyar maƙwabta. Wadda ta fi kowa haƙuri da ni ita ce Gwaggo, mahaifiyar taubashi, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Duk yammar Alhamis nakan je gidanta in same ta tana tsince wake ko tana kaɗa nono. Idanunta na Baba ne sak, haka ma yadda take karkata kai in za ta yi dariya. In na leƙa ta cikin kyamara wani lokaci sai in kasa dannawa.

"Ke dai ba ki gajiya," takan ce. "Mi za ki yi da huskar tsohuwa?"

"Ajiya nike, Gwaggo."

Ga wani abu da ya kamata a sani. Taubashi shi ne ɗan farin Gwaggo, ita kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a waje. Ranar da ya taɓa ɗaga mata kyamararsa, mayafi ta ja ta rufe fuska. Shi ma bai matsa mata ba, yana da manyan mutanen da zai ɗauka.

Da ƙaramar Salla ya zo gida. Ya ga abin da ke wuyana, ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "A'a, baiwar Allah, ina kika tsinto wannan kwangirin?" Na ce a bola. Bayan an ci abinci na tara kowa a tsakar gidan Gwaggo, wajen mutum ashirin da yara. Na sa Gwaggo a tsakiya kan tabarma. Taubashi ya gyara babbar rigarsa ta shadda ya nufi kusa da ita, nan take ta fara laluben takalmi za ta tashi. Dole ya ja da baya. Ni ko ban yi komai ba, al'ada ce ta kama mini shi ta miƙo.

A wasan taubasai ɗan mace bawan 'ya'yan namiji ne, don haka na sa ido a kyamara, na ɗaga hannu.

"Bawana, matsa kaɗan."

Aka yi dariya, ya matsa.

"Ƙara dai, kana tare ma Gwaggo haske."

Sai na ga dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya dube ni, na dube shi ta cikin gilashi. Ya matsa. Ban fitar da shi ba, ni ba azzaluma ba ce irinsa. Na ajiye shi daidai inda dattijon Maradi ya tsaya.

Da yamma na tura hoton zauren danginmu na salula. Kowa ya fito kyakkyawa, har jaririn da ke kuka. Can gefe ga wani mutum cikin shadda mai tsada, kansa ya miƙe ya nufi kusurwa, hularsa kamar za ta bar shi. Kafin isha'i 'yan'uwanmu na Roumbou sun raɗa masa Zunguru. Ya kira ni yana cewa in goge. Na ce haba, taubashi da fushi? Ai abin kunya ne a ji. Ya san haka, ya haɗiye. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Shekara uku muna haka. Suna, biki, Salla, duk inda aka taru Gwaggo na tsakiya, shi yana gefe da kansa na zunguru. Daga baya in ya ga na ɗauko jaka sai ya tuna yana da kira a waje. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko ya isa haka. Sai in buɗe akwati in dubi kafaɗar Baba, in ji bai isa ba. Ƙaramar 'yata ta taɓa tambayata, "Inna, kakanmu ba shi da kai ne?"

Gwaggo ta rasu bara da rani, bayan 'yar gajeruwar jinya. Na yi kukanta kamar yadda na yi na Baba, don idanunsa na ƙarshe ne aka rufe. Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, taubashi ya same ni a bayan rumbu ina wanke kwanoni. Ya rame, ba kyamara a wuyansa. Ya tsaya a gefena, ya ce:

"Na duba duk abin da ni ɗauka shekara da shekaru. Babu ta ko guda." Ya share fuska da hannun riga. "Ko kina da wanda muke tare, ni da ita?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma tausayin ya zo ya tarar da wani abu zaune a wurin tun tuni.

"Akwai guda," na ce.

Ban yi ƙarya ba. A sauran hotunan taro ko ta sunkuyar da kai saboda yana wurin, ko ya riga ya gudu. Na ranar Sallar farko ne kaɗai ta ɗago tana dariya, ta karkata kai, saboda na ce da ɗanta bawana. Na sa aka wanke shi babba a Maradi, takarda mai kyau, na aika masa.

Watannin baya wani taron malamai ya kai ni Yamai, na biya gidansa gaisuwa. Matarsa ta shigar da ni falo. Ga hoton a bango cikin gilashi, sama da talabijin. Ga Gwaggo a tsakiya tana dariya, ga mu duka kewaye da ita. Gefen dama an bi shi da almakashi, yankan ma bai miƙe ba. Abin da ya rage na taubashi a wurin kafaɗa ce cikin farar shadda, da hannu guda.

Ya shigo ya same ni tsaye ina kallo. Ya miƙo mini ruwa da kansa, na karɓa na sha.

Ina da hotunan Gwaggo ita kaɗai sun fi arba'in, tana tsince wake, tana kaɗa nono, tana yi mini daƙuwa. Katin kyamarar da suke ciki yana cikin akwatina, naɗe a cikin rawanin Baba. Taubashi ya sani, don duk dangi sun san inda nake zuwa ran Alhamis. Ranar da ya buɗe baki ya ambaci abin da ya yi wa kawunsa, zan kwance rawanin in ba shi duka. Har na gama ruwan na ajiye kofin ina jira, sai ya tambaye ni ya hanya.