Idon da Ya Rage wa Eladio

Duk wanda ya san garin Monte Cristi ya san Eladio Almonte mai kwasar gishiri. Shekara talatin da ɗoriya yana tara gishiri a fadamun bakin teku, har tafin ƙafarsa ya yi kaushi ya tsattsage. Amma ba gishiri ne ya yi masa suna ba, bulala ce.

Kowace Lahadi ta watan Fabrairu, da la'asar, mazan gari kan rabu biyu. Ga Bijimai, masu rufe fuska ruf, su cusa tsumma cikin riga. Ga kuma masu fuska a buɗe, daga su sai riga da wando. Kowa da bulalarsa ta kitsattsiyar igiya, sai a gwabza a tsakiyar titi. A unguwar su Eladio mai fuska a buɗe ba ya ja da baya, ba ya kare fuska da hannu. Wanda ya yi haka, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ubansa ya damƙa masa bulala, ya ce, "Ɗan da na haifa ba ya ɓoye fuska." To, tun ranar tsoro ya kama Eladio, bai kuma sake shi ba. Kowace safiyar Lahadin wasa sai ya zaga bayan ɗaki ya yi amai, ya kuskure baki, sannan ya fito yana murza gashin baki. Matarsa Casilda kaɗai ta san wannan. Ita kaɗai kuma ta san cewa bara bakin bulala ya kashe masa idon hagu. In ka duba idon garau yake, amma ko rana ba ya gani. Likita a birnin Santiago ya gaya musu na daman ma ya raunana, bugu ɗaya zai ƙarasa shi.

"Tsoho, ka ce bayanka ke ciwo mana," in ji Casilda ran Asabar, tana juya tukunyar naman akuya. "Wa zai kama ka?"

Ya ce to, har ya ji sanyi a ransa. Amma da ya je kantin kan kwana wajen 'yan wasan domino, wanda ake yi da 'yan ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo, ya fara dafe ƙugu, sai Nicanor, amininsa tun ƙuruciya, ya buga ƙwayar domino a tebur ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai, mutumina! Baya kuma? Ko dai Casilda ce ta karɓe wandon? In haka ne mu aro maka siket, ka zo ka tafa mana."

Wurin ya ɗauki shewa. Eladio ma ya yi dariya, har ya fi kowa. Ka ji ƙarshen ciwon baya.

Ran Lahadi titi ya cika maƙil. Eladio ya shiga fili. Ya karkata kai don ya kare idon dama daga Bijimin da ke gabansa. Bai san wani na biyu ya ɓullo ta hagu ba. Bulala ta tsaga iska, fyau, ta wuce dab da girarsa, shi kuwa ko ƙiftawa bai yi ba. Ina zai ƙifta, abin da bai gani ba?

Gari ya kaure da ihu. "Namijin duniya! Kun gani? Ko gezau!" Nicanor na tsalle yana dukan ƙirji, wai shi ne aminin gwarzo. Sai a sannan Eladio ya gane abin da ya faru. Da ma niyyarsa ya yi karo ɗaya ya sulale. Yanzu kuwa an kewaye shi, ana kiran sunansa, Bijimai uku sun yi layi, kowa na so a ce shi ya sa Eladio ƙiftawa.

Bulalar biyun farko a jiki ya sha su. Ya ga ta ukun tana nufo idonsa na dama, sarai ya gan ta. Hannunsa ya ɗaga da kansa har kafaɗa, sai ya ji sunansa a bakin mutum ɗari biyar, ya sauke shi.

Bai faɗi ba, a tsaye samari suka ɗauke shi a kafaɗa, suka zaga da shi titi suna waƙa. Shi kuwa ja kawai yake gani, jan ma yana ta dusashewa. Da suka dire shi, ya tsaya ƙyam yana murmushi ta inda yake jin hayaniya, ga jini na bin kunci. Sai ya ji ƙamshin man gashin Casilda kusa da shi.

"Tsoho," ta ce, "kana ganina?"

"Yi a hankali, kada su ji," in ji shi. "Kama hannuna mu tafi gida. Amma ki jingina da ni, ki yi kamar ke ce kika gaji."