Shekara Shida da Na Ɓoye wa Yaya Sangwan

Yaya Sangwan mai taliya ta fara wasan zamiya kan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe tana da shekara hamsin da takwas, ba don sha'awa ba. Tukunyarta na hawa na shida a babban kantinmu na Bangkok, filin ƙanƙara na hawa na bakwai, can ne kaɗai zufa ba ta bin mutum. Ta ja ni, ni Lamduan tela, mai riƙe mata jaka.

Ga asalin riƙon jakar. Ranar da muka haɗu, shekara talatin baya, ta tambayi shekaruna don a san mai fara gaisuwa. Wani direban bas kyakkyawa na tsaye yana ji, sai na zaftare shida. Direban ya auri wata. Ni kuwa na zama ƙanwa, alhali na girme ta da huɗu: ni ke fara haɗa hannu in rusuna, ni ke zuba shayi, ni ke ɗaure mata igiyar takalmi.

Shekara biyar muna faɗuwa. Ita ta iya juyi uku, ni na iya tashi ba sai an ɗago ni ba. Sai ga gasar waɗanda suka fara da girma. Malamarmu ta zamiya ta ce rukuni biyu ne: masu ƙasa da shekara sittin da biyar, su tara, masu tsalle kamar fara, da na sama, inda tsohuwa ɗaya tak ta yi rajista, mai ciwon ƙugu.

"Kaico, ƙanwata," in ji Sangwan. "Da kin kai sittin da biyar, ko rarrafe kika yi sai an rataya miki lambar yabo."

Sittin da bakwai gare ni, kuma ko sabulu ban taɓa ci a gasa ba. Kwana uku ina auna lamba da ƙarya. Na miƙa katin shaidata a kife, na raɗa wa mai rajista ta rufa mini asiri. Ta rufa. Mai lasifika ne ba a gaya masa ba. Ya kwarara: "Sittin da biyar zuwa sama, Lamduan!"

Na zo ta biyu cikin biyu. Ashe ƙugun tsohuwar nan a wajen filin ƙanƙara kawai yake ciwo. Sangwan ta zo ta takwas, hannu wofi.

Na fito ina jiran faɗa. Ta zauna a benci, ta miƙo mini ƙafa.

"Ke, ni ce babba fa," na ce.

"Na sani. Tun ranar da na raka ki asibiti, shekara ashirin baya, na ga katinki."

"Shekara ashirin kina kallo ina rusuna miki?"

"Ke kika nema. Wa ke korar 'yar aikin kyauta?" Ta haɗa hannu, ta ɗan sunkuya rabi-rabi. "Sannu da nasara, Yaya Lamduan. Kwance mini takalmi, bayana ya riƙe."

Na durƙusa, lamba na lilo a wuyana, na kwance. Hannu ya riga ya saba.