Tuwon Hajiya Daga Misfala Zuwa Ka'akiyya

Masana tarihi sun cika littattafai da yadda dauloli suka ciyar da jama'arsu, amma ban ga wanda ya tsaya a kan babbar jarrabawar kowace al'umma ba, wato abin da take yi da tuwon da ya kwana. Ni na halarci wannan jarrabawa a Makka, ga kuma rahotona ga mutanen gida.

Misfala

Hajiya Rabi, wadda nake haya a gidanta da ke unguwar Misfala tun zuwana karatu, haifaffiyar nan ce, amma kakanta daga Sakkwato ya tako, kuma hannunta a girki bai taɓa barin can ba. Ta yi walimar auren jikarta. Baƙi suka dirar wa shinkafa da naman rago, tuwon dawa da miyar kuka kuwa suka yaba da baki kawai. Aka tashi da faranti biyu na shinkafa a firiji, da tukunyar malmala, da wata ta miya.

A gaban mata Hajiya ta rantse da Allah cewa tuwon nan cikin ɗan Adam zai shiga. Da yake ni ne mai karatun gidan, na tuna mata cewa kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce, wato a sake ɗora tukunya. Ta ce ba fatawa take nema ba, mai ɗauka take nema.

Muna idar da sallar asuba muka loda kaya a dabbab, 'yar ƙaramar akori-kurar ɗanta Bakur, magidanci mai fara zance da Hausa ya ƙare da Larabci. Hajiya ta zauna gaba, ni da tukwane muka raba baya. A wani shinge ɗan sanda ya duba iƙamata, wato takardar izinin zama, ya ɗaga murfin miya, ya mayar da sauri, ya ce mu wuce.

Ofishin masu karɓar abinci

Zubar da abinci a kan titi laifi ne a wurin hukumar gari, shi ya sa akwai ƙungiyoyi masu lasisi da ke karɓar ragowa su raba wa mabuƙata. Mun isa ɗaya daga cikinsu kafin a buɗe, muka jira a inuwar bango.

Ma'aikacin, mutum mai ladabi da safar hannu, ya jera mana darajojin abinci kamar mai karanta babin tsarki. Wanda hannu bai taɓa ba, aka kuma ajiye shi a sanyi, na mutane ne. Wanda aka taɓa, na dabbobi. Wanda ya lalace, na taki. Shinkafa ta ci jarrabawa nan take, aka shiga zuba ta a ƙananan robobi.

Sai aka zo kan miya. Ya tsoma cokali ya ɗaga, miyar ta biyo shi. Ya sunsuna, ya ce ta ruɓe. Na gyara murya na yi masa bayani da Larabcin aji cewa ƙamshin daddawa ne, kuma daddawa ƙalwa ce da ake dafawa a rufe ta kwanaki har ta ruɓe da gangan. Bayanin nawa ya tabbatar masa da zarginsa. Ya tambayi inda tuwon ya kwana, Bakur ya fassara.

"A tukunyarsa mana, inda kowane tuwo yake kwana tun da aka yi duniya," in ji Hajiya. "Ka ce masa firiji kashe tuwo yake yi. Shi bai san ɗumame ba?"

Ma'aikacin bai san ɗumame ba, ƙa'idar ma haka. Ya ba mu haƙuri da ruwan sanyi, ya ce mu gwada masu tumaki.

Ka'akiyya

Hantsi ya ɗaga sosai kafin mu fita daga cunkoson motocin masu umara. Tukwanen suka yi zafin da sai da na janye ƙafata. A hanya Hajiya ta ce ita ba da tunkiya ta yi rantsuwa ba. Bakur ya kawo hujja cewa tunkiya za ta ci tuwo, mutum ya ci tunkiya, tuwo ya isa inda aka nufa, zagaye kawai ya yi. Ta leƙo ta taga tana neman ra'ayina. Na ce ban ga mas'alar a littafi ba, amma ban ga an hana ba.

A kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya muka sami wani dattijo mutumin Damagaram, Alhaji Sani. Ya ce tumakinsa busasshen burodi da sha'ir suka sani, miya mai barkono da man shanu kuwa zawo za ta sa su, ga masu saye suna duba gindin dabba kafin su taya. Duk da haka ya buɗe tuwon, ya gutsiri kaɗan ya kai hanci.

"Hajiya, da tun da sassafe kika kawo, ni da kaina zan zauna masa. Yanzu kam rana ta riga ni."

Wannan karon Hajiya ba ta yi musu ba, don ita ma hancinta ya gaya mata.

Ya nuna mana bayan kasuwar kayan gwari, inda ake tara ruɓaɓɓen tumatir da ganye a manyan kwantena, mota ta kwashe zuwa wurin yin taki. Bakur ya fara cewa taki zai fid da tumatir, mutum kuma ya ci tumatir, uwar ta ce ya rufe mata baki. Ba ta yarda wani ya juye ba. Da hannunta ta tuttule tukwanen, tana istigfari, ta kankare gindinsu tas.

Komawa

Mun iso Misfala ana kiran azahar. Ina gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Bakur da ya tuƙa, da ma'aikacin da ya karɓi shinkafa, da Alhaji Sani da ya faɗi gaskiya. Hajiya ko mayafi ba ta cire ba ta aika a sayo garin dawa, ta ce in fara neman miskinan kaffara.

Matar Bakur, wadda muka bari a gida, ta ce ai bayan fitarmu kaɗan wasu ɗaliban Kano da ke zaune a benen sama sun sauko tambayar ko akwai ɗumame. Ta shaida musu an kai sadaka, suka ce Allah ya karɓa, suka koma suka sha shayi da burodi. Su goma ne.