Tayar Baya Mai Sacewa

Tun cikina na biyu yana wata biyar na fara tunanin abin da zai kai ni asibiti. Haihuwar fari a gida na yi ta, jini ya ɓalle mini, da ƙyar aka samo abin hawa. Shi ya sa ranar da na fara zuwa awo, nas ta duba katina ta ce, "Wannan karon kada ki kuskura ki zauna a gida. Da kin ji bayanki ya fara, ki taho." Ta faɗa, ta kira ta gaba. Ni kuwa na taho da maganar gida, ina shara da ita, ina tuƙa tuwo da ita.

Muna haya a Kumbiya-Kumbiya, can ƙarshen wani lungu da ruwan damina ya zaizaye, masu keke ba sa son shigarsa. Maigidana yana da wata tsohuwar mota da yake zuwa shagonsa da ita. In ya dawo, tsakar gida yake shigo da ita, ya ajiye daf da igiyar shanya. Bayan Allah, ita ce dogarona.

Ni ke share ƙarƙashinta kullum da safe, don haka ni na fara lura tayar baya, ta wajen randa, ta ɗan yi tumbi daga ƙasa. Ban yarda da idona ba. Sai na zari tsinken tsintsiya, na auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen tayar, na karya daidai nan. Washegari na sake, jibi ma haka. Na jera su a kan taga. Kowane ya fi na jiyansa gajarta.

Maigidana yana shan koko na ce, "Malam, tayar nan ta baya sacewa take yi."

Ya leƙa daga inda yake zaune. "Ƙasar wurin ce ba daidai ba."

Na kawo masa tsinkayen uku. Ya juya su a tafin hannu, ya ce, "Yanzu tsintsiyar gidan nan za ki ƙarar a kan taya?"

Amma daga ranar ya riƙa tsayawa ana ba ta iska duk bayan kwana uku. Ya ce iska dai ba ta ƙarewa a garin Gombe. Ni kuma abin da nake tambayar kaina shi ne, in naƙuda ta zo a rana ta uku fa? Akwai safayar taya a but ɗin motar, na taɓa ganinta. Ta fi tafin hannuna sulɓi, kuma ban jin ta sha iska tun da aka sayi motar.

Na yi ta maganar har ya gaji. Wata ranar awo, muna dawowa, ya tsaya wajen wani dattijo mai faci a bakin titi, wajen unguwar Madaki. Aka ba ni benci a gindin dogonyaro. Dattijon ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayar. Ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul, wato ɗan tsinin da ake ba da iska ta cikinsa, ya jira. Shiru. Ya gangara da ita zuwa wani rabin duro da yake gwaji a ciki.

Bazara ce, ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa. Ruwan da ke cikin duron baƙi ƙirin ne, kuma in ka sa hannu ba zai wuce wuyan hannunka ba. Ya tsayar da tayar a ciki yana juyawa a hankali, har ta zagayo sau biyu.

Ya ce, "Alhaji, tayarka lafiya lau. Ko ƙaya babu. Wa ya ce tana sacewa?"

Maigidana ya nuno ni da haɓa.

Dattijon ya ce, "Ayya, Hajiya. Mai ciki ai komai gani take yana sacewa. Allah ya sauke ki lafiya."

Na ce amin. Amma na ga abin da na gani. Robar da ke taka ƙasa kawai ruwan ya jiƙa. Ƙarfen da gindin bawul ɗin a bushe suka fito, da ƙurarsu. Na koma mota da abin a raina. Wurin maza ne, ni kuma a aji huɗu na bar makaranta.

Sai dai duk macen da ta yi zama da jarka mai yoyo ta san ba kasafai take yoyo a tsakar jiki ba. A mahaɗa take yi, wajen hannu ko wuya. Da wannan na kwana biyu.

Ranar Asabar na yi sammakon wanki. Da na gama ban zubar da ruwan omon ba. Na ja bokitin zuwa gindin motar, na ɗauko kujera 'yar tsugunno, na zauna a karkace saboda ciki ya hana ni sunkuyo. Na riƙa ɗibar kumfa da soso ina shafawa, na bi bakin ƙarfen duka, ban ga komai ba. Na matse soson a kan bawul, ruwan ya gangara gindinsa. Can sai ga wata 'yar kumfa kamar idon kifi ta taso, ta fashe. Wata ta biyo. Na ƙirga goma sha biyu kafin na kira maigidana.

Ya zo ya tsuguna. Tun aurenmu ban taɓa ganin ya tsuguna a tsakar gida ba sai don alwala. Ya tura bawul ɗin gefe da yatsa, kumfa ta taso buɗu-buɗu, har da ɗan sauti. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Zuba mini ruwan nan a gora. Ki sako hijabinki."

Dattijon yana ganinmu ya ce, "Alhaji, ko ta sake yin mafarki?"

Maigidana ya tsiyaya ruwan gorar a gindin bawul ɗin. Dattijon ya kara fuskarsa, ya ce, "To. Robar gindin ce ta tsage, rana ta cinye ta. Wa ya gano?"

"Mutanen gida."

Ya juyo wajena. "Hajiya, gobe ki zo da sosonki, ni in zauna a benci."

Na ce, "Baba, ruwan duronka ne ya yi kaɗan."

Ya dubi duron. "Kin san dai yadda ruwa yake a garin nan."

Na sani. Ni ma sai na ɗauraye kaya da ruwa ɗaya sau biyu. Ya sa sabon bawul, aikin bai kai tsawon dahuwar shayi ba.

Bayan mako uku, ranar Alhamis bayan azahar, bayana ya fara. Na kira maigidana a waya, ya taho daga kasuwa. Kafin na shiga na zagaya baya ina dafa motar, na danna tayar da ƙafa. Tana nan kamar dutse. Ya ce, "Don Allah ki shiga." Na shiga.

Jinin ya sake zuwa, kamar na fari. Amma wannan karon a kan gadon asibiti ya same ni, da mutanen da suka san abin yi tsaye a kaina. Na haifi mace, mun dawo gida mu biyu.

Roƙona ga mai karatu ɗaya ne. In kana da mota, da mai ciki a gida, tayarka kuma tana neman iska duk bayan 'yan kwanaki, kada ka tsaya ga ƙara mata iskar. Ka kai ta a duba, ka tsaya a kai har ruwa ya rufe ƙarfen da bawul ɗin. In ruwan mai facin ya yi kaɗan, ka kira ɗan garuwa ya ƙara masa jarka ɗaya.