Wandunan da Suka Yi Masa Yawa

Ina jiran ɗinkina a shagon tela, sai ga wani dattijo rungume da wanduna. Fatar wuyansa ta saki, rigarsa kamar ta aro. Yana shigowa a kaikaice, alhali ƙofar ta ishe shi. Da alama ya daɗe yana shiga ƙofofi haka.

"Baba, jinya kuka yi?" in ji tela.

"Tiyatar rage ƙiba ce. An ɗaure mini ciki da zobe, loma uku na ƙoshi."

Tela ya auna ƙugunsa, ya ɗauki almakashi zai rage wando ɗaya. Dattijon ya riƙe masa hannu.

"Kada ka yanke, ɗana. Naɗe shi ta ciki ka ɗinke. Na sha ramewa a baya. Ƙibar nan ta san hanyar gidana."