Kwalba Uku a Gefen Gadon Yaya

Mai shayi ne ni a bakin tasha a Nguru, ina samun na tuwo daidai gwargwado. Kada wani ya ce yunwa ce ta kai ni, kwaɗayi ne tsagwaronsa. Kun san lemon kwalbar nan na 'ya'yan itace, wanda tun zamanin iyayenmu da shi ake zuwa dubiya. Sunan da masu shi suka yi shekaru suna ginawa, shi na sata.

Da fari kwalaben da aka shanye nake tsinta a gidajen biki. In dama kala da sukari da ruwan rijiya a baho, in ɗura, in liƙe marfin da wutar kyandir. Daga baya wani mai ɗab'i ya buga mini tambarinsu sak, kayana suka kai har kasuwar Dapchi da Machina. In mai shago ya yi tantama in rantse masa da Allah, ni da ko ɗigo ban yarda ya shiga bakina ba.

Sai Yaya Hajara, wadda ta raine ni bayan rasuwar innarmu, ta kwanta asibiti a Gashuwa. Na tarar da kwalba uku a gefen gadonta, maƙwabta suka kawo. Tun daga ƙofa na gane su, ga baƙin hayaƙin kyandir a wuyan marfin.

"Auta, zuba min," in ji ta. "Shi kaɗai cikina ke karɓa."

Matan unguwa na zaune. In na hana, sai an tambaye ni dalili. Na zuba, ni na riƙe mata kofin. Har gobe ina tsine wa wannan ragwantakar.

Kwana biyu tana amai, jiki da ma babu ƙarfi, ta cika. Likita bai ce lemon ne ba, ni kuma ban tambaya ba.

Bayan sadakar arba'in aka kama ni, kamfanin ya kai ƙara. Lauyansu ya baje takardar rajistar suna da tambari, alƙali ya ɗaure ni. A kan tambari aka hukunta ni, ba wanda ya ambaci Yaya.

Na fito, na tuba, ina neman gafarar Allah. Ku samari masu kiran jabu wayo, haushinku nake ji, don ni ma haka na kira shi a da. Ku bari tun kuna iya kallon idon danginku. Ni 'ya'yan Yaya har yau durƙusawa suke su ce, "Kawu, Allah ya saka da jinyar Umma." Amin nake cewa.