Jar Mota da Kwalbar Lemo

Bas ɗaya na bayar, mai lafiya, mai kujera goma sha huɗu, wadda take fita da safe ta dawo da cefanen gidana da yamma. Abin da na karɓa a madadinta shi ne jar mota mai kujera biyu, ba rufi, ba batir, tayoyi huɗu duk a kwance, sai wata kaza da ke kwanci a wurin zaman direba. Kazar ma sai da na mayar.

Ba hauka na yi ba. Dillancin motoci nake yi a Fagge, kuma ina da mai saye tun kafin na taya. Wani Alhaji ne mai shaguna a Kantin Kwari, tsohon abokin cinikina. Ya sha ba ni labarin cewa lokacin da yake saurayi yana dakon diloli a Bata, akwai wata jar mota da ke wucewa duk ranar Lahadi, wani ɗan Sabon Gari a ciki da matarsa, ɗankwalinta yana tashi a iska. Ya ce da ya gan ta sai ya tsaya cak da kaya a ka har ta ɓace. Ranar da na gaya masa na gano motar a bayan wani gida, lulluɓe da tamfol, sai ya kama hannuna ya ce, “Ka kawo mini ita yadda na san ta. Sabuwar bas ɗin nan da na saya wa yaran shago, taka ce.”

Mai motar ya daɗe da rasuwa. Matarsa ce a gidan, dattijuwa, asalinsu daga kudu maso gabas, amma Hausarta ta fi ta wasu ’yan Fagge. Mama kowa yake ce mata. Ta ce ba ta son kuɗi, ɗanta na zaune ba aiki, a ba shi abin da zai ja. Na ba shi makullin bas ɗina. A hanyar gida ina tafe ina dariya ni kaɗai, har mai rake ya tambaye ni ko lafiya.

Injin bai ba mu wahala ba. Kwana goma ya tashi, da wani gurnani da ya sa masu shayi suka bar tebur suka zo kallo. Saura ƙafa da ciki. Ƙafar na damƙa wa makanikena, wanda duk direbobin haya na unguwarmu suka yarda da shi. Cikin kuma na ba wani mai ɗinkin kujerun falo da ke bayan kasuwar Sabon Gari. Dukansu magana ɗaya na yi musu: ku yi mata aikin da ya fi kowane kyau. Daga nan na tafi Legas ɗauko motoci.

Makanike ya yi abin da ya saba. Duk motar da ta shigo hannunsa, abin da mai ita ke roƙo shi ne a ɗaga ta, don ta ɗauki buhu, ta tsallake kwata, kada cikinta ya daki tudu. Saboda haka ya ƙara falle uku-uku a sifirin ɗin baya, ya cusa roba mai kauri a na gaba, ya sa mata shokazoba irin ta akori-kura. Mai kujeru kuma ya yage tsohuwar fatar, ya lulluɓe komai da karammiski ruwan goro, ya sa geza a gaban motar, ya ɗinka wa sitiyari riga mai gashi.

Gaskiya zan faɗa: da na dawo na gan ta, daɗi ya kashe ni. Na zagaya ta sau uku ina tafi. Makanike ya buga ƙirji ya ce, “Oga, yanzu ko ƙauyenku za ta je ta dawo da buhu shida.” Na ce masa Allah ya yi albarka, na kira Alhaji.

Alhaji ya zo, ya tsaya nesa, ya karkata kai.

“Ina motar?”

“Ranka ya daɗe, ga ta a gabanka.”

“Wannan zakara ne a kan katanga. Waccan daga sama nake kallon ta, har ina ganin tsakiyar kan direban. Wannan falon amarya kuma na waye?”

Ya shafa karammiskin, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya goge ido ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ba haka ba yaran shago su riƙe bas ɗinsu. Na tsaya da mota da ba wanda zai saya a duk Kano sai mutum ɗaya, shi ma ya tafi.

Matsalar ita ce ba wanda ya san ainihin tsayinta. Ni a kwance na same ta. Makanike ya ce mota ba ta da wani tsayi sai wanda aka ba ta. Sai na koma wurin Mama da ledar lemon zaƙi, na gaya mata abin da muka aikata. Ta riƙe haɓa.

“Karammiski? Ɗana, Allah ya sa mai gidan bai gani ba.”

Ta shiga ɗaki ta fito da wani hoto a cikin littafin addu’arta. Ga motar tana sheƙi, ga shi ya jingina da ƙofa, ga ta a ciki tana dariya. Kujerun baƙar fata ne, da ɗinki a tsaye layi-layi. Na ƙirga, layi bakwai a kowace. A ƙasa kuma, dab da ƙofar, wani ya ajiye kwalbar lemo a tsaye, bakinta daidai da inda jan fenti ya fara.

Na yi ihu har kazar nan ta tashi. Mama ta ce, “Me ka gani?” Na ce, “Ma’auni, Mama!” Ta ce irin kwalaben da suke sha a lokacin tana da su a bayan kicin, ta zuba manja a wasu. Ta wanke mini ɗaya.

Haka na shiga gareji da hoto a aljihu, kwalba a hannu. Makanike ya ce shekara talatin yana aiki ba a taɓa kawo masa kwalba ta koya masa sana’a ba. Na ce yau an kawo. Ya cire falle ɗaya, muka sauke jak, na tsayar da kwalba: saura yatsa huɗu. Ya cire na biyu, saura biyu. Kowane falle ya fita sai ya yi tsaki kamar haƙorinsa ake cirewa. Aka fitar da robar gaba, muka yini a layin masu kayan gyara na Sabon Gari har muka samo gajerun shokazoba a ƙasan wani buhu. Ranar da bakin kwalba ya taɓa jan fenti a duk kusurwa huɗu, ni da makanike muka rungume juna, duk baƙin mai a farar shaddata, ko a jikina.

Fata kuwa wurin majema na sayo, na kai wa wani tsohon baduku mai ɗinkin jaka. Na ce layi bakwai. Ya ce takwas zai fi kyau. Na ajiye masa hoton a gabansa na ce bakwai.

Saura kwana biyu wata ya ƙare na kai ta ƙofar gidan Alhaji da hantsi. Ya fito, ya zo dab da ita, ya leƙo ni daga sama. Sai ya ɗora hannu a kan hulata. Ya tattare babbar riga, ya juya baya, ya saki jiki ya faɗa kujera kamar an jefa dila a rami.

“Ja mu tafi Bata!”

Muka tafi. Gindinmu kamar yana shafar kwalta, masu Adaidaita Sahu suna leƙo mu daga sama suna fito, Alhaji ya cire hula ya riƙe a ƙirji yana ɗaga wa ’yan dako hannu, yana ihu, “Ni ne! Ni ne a ciki!” Duk tudun da muka zo sai na karkace na hau a hankali kamar mai tsallake jariri. Muka bi ta gidan Mama na danna ham, ta fito da zani a kafaɗa, ta dafa ƙofar, ta ƙirga layin kujera da yatsa, ta gyaɗa kai.

Da muka dawo Alhaji ya kasa fita. Gwiwa ta ƙi. Mutum uku suka ja shi yana dariya yana cewa su bi a hankali kada su goge masa fata. Yana rabi ciki rabi waje ya zaro makullin bas ya miƙo mini.

Ga abin da ya tashi. Na rasa tsohuwar bas da aikinta na wata uku, da shadda ɗaya. Na samu sabuwar bas. Fallen nan shida da makanike ya cire suna ƙarƙashinta yanzu, tana ɗaukar buhu ba ta ko nishi. Karammiskin yana kan kujerun falona, maiɗakina ta ce ban taɓa sayen abu mai kyau kamarsa ba. Jar motar sau ɗaya na tuƙa ta, daga Fagge zuwa Bata da dawowa. Kwalbar kuma Mama ta aiko a karɓa, ta ce ta manja ce. Duk da haka riba na ci.